Hoton Birin Gwamnati a Gonar Yahuza

An kama ni da laifin ɗaukar hoton biri. Gara ku ji daga bakina, don maƙwabcina Iliyasu mai faci ya riga ya fara baza wa mutanen tashar Birnin Kudu cewa wai da hauren giwa aka kama ni a cikin buhu. Ina ma giwar take, da ko ba komai na gan ta kafin in mutu. Biri ne, jama'a, jan biri mai doguwar wutsiya, yana zaune daram a kan kunya yana ɓare gyaɗar ɗan yayata, ni kuma na ciro waya daga aljihu na ɗaga. Iyakar ta'asar da na yi ke nan.

Ɗan yayar tawa sunansa Yahuza. Yana zaune da iyalinsa da mahaifiyarsa, Yaya Tani, a wani ƙauye gaba kaɗan da Kwandiko, a ƙasar Gwaram. Gona guda ya gada wajen ubansa, kuma ita ce komai nasa. Daga cikinta ake ci, daga cikinta ake ɗinka wa yara kayan makaranta, in ciwo ya shigo gida ita ake kallo. Bana ya zuba mata gyaɗa, damina ta yi kyau, gyaɗa ta yi 'ya'ya har masu wucewa na tsayawa su yi masa barka. Matsalar guda ce: gonar tana jingine da dajin nan da aka wayi gari a shekarun baya aka ce ya zama Gandun Namun Daji na Gwanki.

Kada ku raina gandun nan. Yana da ƙofar da ko jami'a ba ta da irinta, giwar siminti a dama, zakin siminti a hagu, ga ƙaton allo a sama mai hoton raƙumin dawa. Manya daban-daban sun zo sun yanke ƙyalle sun buɗe shi, kowa a zamaninsa, wataƙila don na baya bai buɗe da kyau ba. Abu ɗaya ya rage a kammala aikin, wato dabbobi. Gwankin da aka sa wa gandun sunansa, kakanmu ne mutum na ƙarshe da ya ce ya gan shi, shi ma da aka matsa masa da tambaya sai ya ce ta yiwu jaki ne, don rana ta riga ta faɗi.

Amma akwai birai. Suna kwana a duwatsun cikin gandu, gari na wayewa su sauko su kama aiki a gonar Yahuza. A duk rayuwata ban taɓa ganin 'yan gwamnati masu zuwa aiki a kan lokaci irinsu ba. Ba sa yajin aiki, ba sa tafiya ta'aziyya ranar Litinin, kuma ba za ka taɓa zuwa a ce maka oga ya ɗan fita ba. A da manomi ya san maganinsu: kare, majajjawa, gwangwanaye a ɗaure a igiya. Yanzu duk an hana, wai tayar wa dabbar gandu hankali ne. Har karen Yahuza an sa ya ɗaure shi a gida.

Da abin ya ishe shi sai ya je ofishin gandun da ke Gwaram ya kai kuka. Suka ce su ba sa aiki da jita-jita. Ya kawo hoto a matsayin hujja, su kuma su turo ma'aikata su kora birai zuwa inda aka yi musu masauki. Wayar Yahuza irin ƙaramar nan ce mai tocila, ba ta san hoto ba. Sai ya kira ni.

"Kawu, ka taimaka ka zo da babbar wayar nan taka. In aka ƙara kwanaki a haka, wallahi sai dai in tara harawa."

Na hau babur na je. Na ɗaga waya, amma kafin in latsa birai sun watse, abin da na samu wutsiya ce da rabin ƙafa. Ina cikin dubawa sai na ji sallama a bayana. Wani saurayi ne cikin koren kaki, takalminsa ɗaya ya buɗe baki. Malamin daji ne, sunansa Jafaru. Ya rusuna ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar hanya, sannan ya sanar da ni cewa ya kama ni.

"Baba, ina takardar izininka?"

"Izinin me, yaro?"

"Izinin ɗaukar hoton dabbar gandu."

"Ai ba a gandu take ba. Ka duba da kyau, nan gonarmu ce."

"Baba, ko a Kantin Kwari ka gan ta tana taya atamfa, dabbar gandu ce."

Na ce masa ofishinsu ne ya ce a kawo hoton. Ya ce haka ne, ya sani. Na ce to? Ya ce ofis ya ce a kawo hoto, bai ce a ɗauki hoto ba, ɗauka tana da nata sashen. Ya tasa ni gaba har bakin ƙofa, ya ba ni benci a inuwar giwar siminti, ya ba ni haƙuri, ya sa na goge wutsiyar da rabin ƙafar a gabansa. Da zan tafi na ce bari in ɗauki giwar simintin nan in kai wa jikoki tsaraba. Ya ce in rufa masa asiri, ita ma tana cikin lissafin dabbobin gandu.

Na dawo gida raina a ɓace. Matata Hafsat ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki. Iliyasu kuwa ya ajiye tayar da yake liƙewa ya ba ni shawara.

"Malam, me zai sa ka wahalar da kanka? Ka sa yara su sauko maka da hoton biri daga intanet ka kai musu. Biri ai biri ne."

Na ce masa ni tsohon malamin makaranta ne, na ƙare aikina ina zane yara a kan satar amsa, ba zan fara da furfura ba. Doka aka ce, doka za mu bi, tun da gaskiya tana wajenmu. Na faɗi wannan magana da ƙarfi, ina jin daɗin kaina. Iliyasu ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kan tayarsa.

Na shafe rabin yini a layin mai kafin in samu abin da zai kai ni Gwaram. Mai gidan man ya ce tanka na hanya, kuma na yarda da shi, don tun bara take hanya. Na ɗauko Yahuza muka nufi ofis, aka shigar da mu gaban Yallaɓai Babban Mai Kula da Martabar Dabbobi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Mutum ne mai fara'a. Bai daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba, inda aka tura shi da tawaga su koyo yadda ake tafiyar da gandu. Ya dawo da malafa irin ta Turawan farauta da wani littafin dokoki na ƙasar da ke da zakuna na gaske, aka cire sunan ƙasar aka sa namu.

"Malam, kai wane ne a ciki?" ya tambaye ni. "Ɗan yawon buɗe ido, mai bincike, ko mai shirya fim?"

"Ranka ya daɗe, kawun manomi ne."

Ya duba littafi, ya juya shafi, ya dawo baya. "Babu wannan a tsarinmu."

Haka na zama ɗan yawon buɗe ido a ƙasar da aka yanke mini cibiya. Kuɗin da na biya ba zan faɗa ba, don Hafsat tana karanta wannan shafin nawa na jarida. Yallaɓai ya gyara tabarau ya shiga karanta mini sharuɗɗa. Kada in kusanci giwa mai ɗa. Kada in fito da hannu ta taga in zaki na kusa. Kada in kunna wutar hoto a idon dabba. Na yi alkawarin duka da zuciya ɗaya, musamman na giwar. Sai ya juya wajen Yahuza ya tambayi mene ne ainihin kukansa.

"Ranka ya daɗe, birai ne suke cinye mini gyaɗa."

Yallaɓai ya cire tabarau. "Gyaɗa kake ba su? Wa ya ba ka izinin ciyar da dabbar gandu?"

"Ba ni nake ba su ba, ranka ya daɗe, su suke tonowa."

"Wa ya shuka?"

"Ni."

"To ka gani."

Na ga Yahuza ya fara murza hularsa a hannu. Amma Yallaɓai mutum ne mai tausayin talaka, ya ce ya yafe wannan karon tun da rashin sani ne. Muka yi godiya. Ni da furfurata na rusuna na gode wa mutum don ya yafe wa ɗan yayata laifin da birai suka yi masa.

Saura matsala biyu, in ji Yallaɓai. Ta farko, izinin yana aiki ne a cikin gandu kawai, ga shi kuma birai a waje suke aiki. Ɗaukar hoton dabbar da ke waje sai da izini na musamman, mai sa hannu a kansa kuwa ya tafi taron ƙara wa juna sani a kan kiwon lafiyar giwaye. Can sai fuskarsa ta washe. Ya ce tun da gonar tana kan iyaka, in tsaya ta ɓangaren gandu in miƙa waya ta kalli gona. Ƙafata na ciki, birin na waje, doka ta cika. Wallahi na yaba wa basirarsa, irin wannan kai ba a samunsa sai an je ƙasar waje.

Ta biyu, ɗan yawon buɗe ido ba ya taka ƙasa, saboda zaki. Dole ya kasance a cikin abin hawa, kuma dole da ɗan rakiya na gandu a gefensa. Na ce to a ba mu motar gandu. Aka leƙa da ni ta taga na gan ta a bayan ofis, a ɗore kan duwatsu, wata kaza tana kwanci a kujerar direba. Na ce babur fa? Aka ce ƙararsa tana firgita dabba. Yahuza ya ce yana iya aro amalanke. Aka ce shanu ba sa shiga gandu. Jafaru, wanda aka ba mu a matsayin ɗan rakiya, shi ne ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa ya ce a iya saninsa baro yana da taya. Yallaɓai ya duba littafi bai ga inda aka hana baro ba, ya buga hatimi.

Muka isa ƙauye da takardarmu, ina ta ɗaga ta sama don kowa ya gani. Yaya Tani tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, ta saurari bayaninmu har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Safiyanu," ta ce da ni, "boko ya cinye maka kai. Da wannan hular za ka je? Biri ba ya tsaya wa namiji. Tun daga nesa in ya hango wando zai ranta a na kare. Mace kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba, a gabanta zai tono ya ci, in ta yi magana ya yi mata gwalo."

Wannan kowa a ƙauyen ya sani, ni ne zaman birni ya mantar da ni. Shi ya sa in mace za ta yi gadin gona a can take saka rigar mijinta da hula. Ita kanta Yaya Tani tun farkon damina take zura babbar rigar marigayi mijinta ta je ta tsaya a tsakiyar gyaɗa. Da farko birai na gudu, daga baya suka lura cewa wannan Alhajin tafiyarsa ba ta maza ba ce, suka dawo. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da zane da mayafi ta ajiye a gabana.

"Haba Yaya. Ni fa na aurar da 'ya'ya, ina da surukai a garin nan."

"Surukan naka za su ciyar da yaran nan in gyaɗar ta ƙare?"

Na dubi yaran Yahuza, suna zaune a jikin rumbu suna kallona. Rumbun na san babu komai a cikinsa sai ragowar dawar bara da ba za ta kai ko'ina ba. Na dubi Yahuza, ya sunkuyar da kai don kunyar abin da ake nema a wajen kawunsa. Tausayinsa ya kama ni. Na cire hula na miƙa masa.

Yaya Tani ta ɗaura mini zane a kan wando, ta naɗe gemuna a cikin mayafi, ta ɗora mini ƙwarya a ka. Jafaru ya ce yana da magana: hoton da ke jikin takardar izini na namiji ne mai hula, wannan baiwar Allah kuwa bai san ta ba. Na ɗaga mayafi, ya duba gemu, ya duba takarda, ya gamsu. Sai Yaya Tani ta tambaye shi shi kuma ina za shi da kaki. Ya ce doka ba ta yarda ɗan rakiya ya rabu da baƙo ba. Ta ce to birai ba su yarda da wando ba. Yaron ya yi ta inda-inda, daga ƙarshe ta shiga ta fito da zane na biyu.

Da sassafe Yahuza ya turo ni a baro ta cikin gandu har bakin dutsen iyaka, ya sa dutse ya tokare tayar, ya gudu ya ɓuya. Aka bar mu mu biyu: tsohon malamin makaranta a cikin baro da ƙwarya a ka, da ma'aikacin gwamnati a tsugune a gefensa cikin zane mai hoton tsuntsaye, takalmin aiki na leƙowa ta ƙasa. Wani mai keke ya biyo ta hanyar gona ya ce, "Sannunku da aiki, Inna." Jafaru ya amsa masa da siririyar murya. Ni kuwa ina ta addu'ar kada mai keken ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibaina.

Yaya Tani ta yi gaskiya. Birai suka sauko daga duwatsu suka wuce ta gabanmu, ko arzikin kallo ba mu samu ba. Uwaye da 'ya'ya a manne a ciki, samari na tsalle-tsalle, kowa ya kama kunyarsa. Can sai ga babbansu, wani ƙato mai farin gashin baki, yana tafe a hankali don ya san ba za a fara taro ba sai ya iso. Ya zo daf da baro ya zauna, ya tumɓuke gindi guda, ya kakkaɓe ƙasa, ya zaɓi manyan ya yar da ƙananan. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, kumatu cike da gyaɗar Yahuza, hannu ɗaya a kan gwiwa. Na latsa.

Jama'a, ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, har da na bikin 'yata. Hasken safiya ya faɗo masa a gefen fuska, ga koren gyaɗa a bayansa har iyakar gani, ga iyalinsa a baje suna aiki. In ka sa masa gilashi ka rataye a bangon ofis, masu shigowa za su rusuna. Muka koma gida ana murna. Yahuza ya riƙe wayar da hannu biyu yana ta kallo, ya ce, "Kawu, yanzu kam ba su da ta cewa."

Da muka kai wa Yallaɓai hoton, sai ya miƙe tsaye. Ya cire malafa. Idonsa ya kawo ruwa, kuma ba na wasa ba ne. Ya kira duk ma'aikatan ofis suka zagaye wayata, wasunsu ranar suka fara ganin dabbar da suke karɓar albashi a kanta.

"Shekara da shekaru muna aika rahoto sama cewa gandun nan akwai dabbobi," in ji shi, "ba mai yarda. Har an fara zancen rage mana kaso. Malam Yahuza, kullum suke zuwa?"

"Kullum, ranka ya daɗe. Safe da yamma."

"Ko ana ruwa?"

"Ko ana ruwa. Ai a gonar suke wuni, a nan suke shayar da 'ya'yansu. Duwatsun nan kwana kawai suke zuwa yi."

Yallaɓai ya sa akawu ya rubuta duka. Yahuza ya ga ana rubuta maganarsa, abin da ba a taɓa yi masa ba a ofis, sai ya ƙara buɗe baki: inda suke zama da rana, bishiyar da suke hawa, kududdufin da suke sha a ƙasan gona. Ni ma na sa baki ina ƙara masa gishiri. Muka fito muna ganin mun ci nasara.

Ba a yi mako ba sai ga babbar mota ta tsaya a ƙauye. Ashe akwai mai in an so. Ta zo da ma'aikata, da turakun ƙarfe, da naɗin waya mai ƙaya, da wani safiyo mai auna ƙasa da na'ura a kan ƙafa uku. Yahuza ya kira ni yana haki don murna, ya ce masu korar birai sun iso. Yaya Tani ta sa aka yanka zakaran gidan guda ɗaya tilo, aka tuƙa tuwo, aka kai musu gindin bishiya. Suka ci suka side hannu suka yi albarka. Sannan suka tumɓuke dutsen iyaka, suka ɗauke shi suka zagaya da shi ta ɗaya gefen gonar suka kafa.

Ina isa na tarar an ja waya ta kusa haɗewa. Yallaɓai da kansa yana wurin, da malafarsa. Ya yi mini bayani cikin natsuwa, don mutum ne da ba ya son a zauna cikin duhu. Ya ce binciken da aka yi a kan hotona da shaidar da mai gona ya bayar da bakinsa ya nuna cewa ba dabba ce ta shigo gona ba. Tun asali gandun aka auna ba daidai ba, aka bar dabbobin a waje. Yanzu an gyara kuskure.

"Ranka ya daɗe, cewa kuka yi za ku kora su," in ji Yahuza.

"Mun ce za mu mayar da su cikin gandu. Ka duba ka gani, ba a cikin gandu suke ba yanzu?"

Yahuza ya duba. A cikin gandu suke.

"To gyaɗata fa? Ta isa cira. A bar ni in cire, in ya so daga baya a yi maganar gonar."

Yallaɓai ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce ko ganye ba a fita da shi daga gandu, wannan yana shafin farko. Maganar diyya kuwa za a kafa kwamiti. Ya ƙara da cewa tun da dabbobin sun saba da gyaɗa, ofis zai duba yiwuwar ba Yahuza izini na musamman ya riƙa shiga yana shuka musu kowace damina, a matsayin ɗan sa-kai, har da takardar yabo.

A nan ne kaina ya ɗau zafi. Na faɗi maganganun da ba zan iya rubutawa a jarida ba. Na ce gonar nan tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro gandun ake nomanta, uban yaron nan ya mutu da kantar fartanya a hannu a kanta. Yallaɓai ya saurare ni har na gaji, ya ce ya fahimci damuwata, kuma akwai sashen ƙorafi, sai dai a zo da hujja.

Makon da ya biyo baya wani Mai Girma ya zo ya sake buɗe gandun. An sauke allon raƙumin dawa an ɗora hotona, ƙato, birin nan da kumatunsa yana kallon masu wucewa, an rubuta a ƙasa cewa wannan yana daga cikin nasarorin da aka samu. Ba a sa sunana ba, kuma na gode Allah. An raba shinkafa da lemo da hula. Mai Girma ya ce nan gaba kaɗan Turawa za su riƙa tururuwa zuwa Kwandiko, matasa su samu aiki, aka tafa.

Ni ban tsaya cin shinkafar ba, na zagaya wajen gona. Na tarar da Yahuza a tsaye a jikin wayar shingen, ya riƙe ta da hannu biyu a tsakanin ƙayoyin. Ganyen gyaɗa ya fara ja, irin lokacin da manomi ke gayyar 'yan'uwa a zo a cire. Birai na ciki suna yi masa aikin. Yanzu ko wando ba sa gudu, sun gane wayar ta wane ne. Jafaru na zaune a kan dutsen iyaka yana gadi, ya kasa haɗa ido da mu.

Ni na ɗauki hoton, ni na ce a bi doka, kuma da na bi shawarar mai faci da yanzu Yahuza yana shanya gyaɗarsa. Yahuza ya yi magana, bai ko juyo ba.

"Kawu, wayar na jikinka?"

"Tana nan."

"Ɗaukar mini gonar. Ba su ba, gonar kawai. Daga mangwaron da Baba ya dasa zuwa kududdufi. Ƙaramin nan nawa bai yi wayon da zai tuna ta ba."

Na sa hannu a aljihu. Jafaru ya miƙe a hankali, ya zo kusa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, takardarka ta yini ɗaya ce, ta ƙare. Mangwaron ma yanzu na gandu ne."

Ya faɗa, ya tsaya. Sannan ya ce fitsari ya matse shi, zai zagaya bayan duwatsu, kuma shi mutum ne mai daɗewa. Ya tafi bai waiwayo ba. Na ɗaga waya na ɗauka cikin sauri, hoton ya fito a karkace. Yahuza ya karɓa ya duba, ya ce ya yi, a wanke masa a kati in na koma Birnin Kudu. Ya juya ya nufi gida, hannu a goye a baya, ba fartanya ba buhu.

Tun da na dawo ban cika fita ba. Jiya Hafsat ta ce jemagu sun tare a rufin zaurenmu, kashinsu ya ishe ta, in je ofis in kai ƙara a zo a kore su. Na tashi na rufe ƙofar gida, na ce ta yi magana a hankali. Gidan nan kaɗai muka mallaka.